Sabuwar waya ta isa dalilin sauya kamfanin layi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na daɗe da layin kamfani ɗaya, kuma gaskiya ba ni da wani babban ƙorafi a kansu. Wayata ce ta tsufa, batir ba ya kai la'asar. Yanzu wani kamfanin ya fito da garaɓasa: in na dawo da lambata wurinsu, na ba su tsohuwar wayata, za su ba ni sabuwar da nake so, wai kusan kyauta, amma sai na shiga tsarinsu na biyan wata-wata har shekara uku. Layi uku ne a asusun, ni da maiɗakina da babban ɗanmu. In sauya ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam Malam. In na fahimce ka da kyau, layinka yana yi maka aiki, wayar ce ta gaji, sai ga wani kamfani ya ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya ya ce in kana son wannan sai ka ɗauki wancan. Shawarata ita ce kada wayar kaɗai ta tashe ka. Ka sauya ne in sharaɗi biyu sun cika: sabis ɗin sabon kamfanin ya kai na wanda kake kai a wuraren da kake wuni da kwana, sannan jimillar abin da za ka biya cikin shekara ukun, a layukan uku duka, bai wuce abin da za ka kashe in ka zauna inda kake ka sayi wayar da kanka ba. Duka biyun ana iya auna su kafin a sa hannu a kan komai.

Dalilin da ya sa ake haɗa waya da layi

Akwai lokacin da wannan tambaya take da nauyi na gaske. Da iPhone ta fito a 2007, a Amurka kamfanin AT&T kaɗai ke da ita, kuma haka aka tafi har Fabrairun 2011 da Verizon ya samu. A Birtaniya O2 ne ya riƙe ta shi kaɗai har zuwa ƙarshen 2009. Wanda yake son wayar a wancan zamani ba shi da zaɓi, dole ya bi ta inda take. Ga kuma rabuwar fasaha: wasu kamfanoni suna kan GSM, wasu kan CDMA, wayar wannan ba ta aiki a layin wancan ko da an buɗe ta. Wannan katanga ta rushe da zuwan 4G, kuma Verizon ya kashe CDMA ɗinsa a ƙarshen 2022. Yau kusan duk babbar waya ana samunta a kowane kamfani, ko a saye ta kai tsaye daga masu ƙera ta ba tare da kulle ba.

Abin da ya rage shi ne dabarar farashi. Ribar kamfanin sadarwa tana cikin kuɗin wata-wata, kuma babu abin da ya fi masa daɗi kamar ya janyo mutum daga abokin gasa ya zaunar da shi shekara biyu ko uku a tsari mai tsada. Shi ya sa garaɓasar sabon zuwa take fin ta tsohon abokin ciniki tsoka, abin da yake ɓata wa mutane rai, da gaskiyarsu.

Yadda "kyautar" take a takarda

Nan ne ya kamata ka zauna da biro. Tsarin da ya fi yawa shi ne a sayar maka da wayar a cikakken farashinta, a raba kuɗin wata 24 ko 36, sannan kowane wata a saka maka rangwame daidai da kason watan. A takardar biya za ka ga rubutu biyu, ɗaya yana cewa ana binka kaza na waya, ɗaya yana cewa an yafe kaza. Muddin kana nan, suna cinye juna. Ranar da ka tashi, rangwamen ya tsaya, sauran bashin kuma ya faɗo gaba ɗaya.

Mu ɗauki lambobi na misali, a kowane irin kuɗi. A ce farashin wayar 720 ne, an raba wata 36, wato 20 kowane wata. Ka yi wata 12 sai ka ga sabis ɗin bai yi maka ba. Abin da aka yafe maka zuwa lokacin 240 ne kawai, sauran 480 sai ka biya kafin ka fita, tsohuwar wayar da ka bayar kuma ta tafi ke nan. To ko da ka zauna har ƙarshe, duba ɗaya gefen. Irin wannan garaɓasa yawanci tana tilasta shiga ɗaya daga manyan tsare-tsaren kamfanin. A ce sabon tsarin ya fi naka na yanzu da 15 a wata. Cikin wata 36 ya zama 540. Tsohuwar wayarka da za ka iya sayarwa 200 in ka sayar da kanka, ka miƙa ta. Jimilla 740, a kan wayar 720. Kyautar ta ƙare tun kafin a zo ga kuɗin buɗe layi da haraji, wanda a wasu wuraren ake karɓa a kan cikakken farashin wayar tun ranar farko.

Kai kuma layi uku gare ka. In ƙarin 15 ɗin yana kan kowane layi, 45 ke nan a wata, 1,620 a shekara uku, alhali waya ɗaya za a ba ka. In kuma ka ce kai kaɗai za ka tashi ka bar Hajiya da yaron a tsohon kamfanin, tambayi tsohon kamfanin nawa layi biyu zai koma, domin rangwamen iyali yana tafiya ne da yawan layuka, kuma sau da yawa farashin kowane layi yana tashi in ɗaya ya fita. Wannan shi ne wurin da na fi ganin lissafi yana juyewa ga masu iyali.

Lissafin na iya fitowa ta ɗaya ɓangaren, kuma yana fitowa. In dama kana kan tsari mai tsada, sabon bai fi shi ba, kuma suna karɓar tsohuwar waya a kan daraja da ta ninka abin da take yi a kasuwa, to riba ce ta gaske. Hanyar ganewa ɗaya ce: shafi biyu, na zama da na tashi, kowanne ka tara kuɗin wata sau 36, ka ƙara kuɗin waya, ka cire abin da tsohuwar za ta kawo.

Kafin ka rufe lissafin, nemi amsar waɗannan a rubuce, kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa. Yaushe rangwamen zai fara bayyana? Yakan ɗauki wata biyu ko uku, kuma a wannan tsakani kai ne ke biya. In ka sauko zuwa ƙaramin tsari daga baya, rangwamen yana ci gaba? Yawanci a'a. In ka biya sauran kuɗin wayar da wuri fa? A wasu kamfanonin wannan ma yana kashe shi. Farashin tsarin na wata yana iya tashi a tsakiyar wa'adin? Kuɗin waya a tsaye yake, amma na tsarin ba lallai ba. A Birtaniya sai da Ofcom, hukumar da ke kula da sadarwa, ta shiga tsakani, daga Janairun 2025 ta wajabta a faɗi adadin ƙarin da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Inda babu irin wannan doka, takardar ce kaɗai gatanka.

Sabis: abin da ba a gyarawa da sabuwar waya

Waya mai tsada a inda babu sabis ba ta fi tsohuwa ba. Taswirar da kamfanoni ke sakawa a shafinsu kwamfuta ce ta lissafa ta, kuma galibi tana nuna abin da za a samu a waje, a fili. Ba ta san kaurin bangon ɗakinka ba, ba ta san ofis ɗinka yana ƙarƙashin bene ba. Gani ya kori ji, sai ka gwada.

Sayi sim na sabon kamfanin irin na biya kafin amfani, na wata ɗaya, ko ka karɓi gwajin eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, in suna bayarwa, ka sa shi a matsayin layi na biyu a wayar da kake riƙe da ita. Wannan yana buƙatar wayar ta kasance a buɗe. Ka mai da data kan sabon layin, ka kashe Wi-Fi, ka yi mako ɗaya zuwa biyu kana harkokinka yadda ka saba. Wuraren da za ka kula da su: ɗakin kwana, kicin, cikin wurin aiki daidai inda kake zama, hanyar da kake bi kullum, makarantar yaron, da duk inda kuke yawan zuwa ziyara. Ka ba Hajiya sim ɗin ita ma ta yi kwana biyu da shi, domin inda take wuni daban ne da naka.

Kada ka dogara da sandunan da ke saman allo. Babu ma'auni ɗaya da ake bi, sanda uku a wannan waya na iya zama biyu a wancan. Lambar da ake dubawa ita ce ƙarfin sigina da ake aunawa da dBm. A Android tana cikin saiti, ƙarƙashin bayanin waya, wurin matsayin sim. A iPhone ka danna *3001#12345#* kamar za ka kira, ka nemi RSRP, sunan da ake ba wannan lambar a can. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma iya kusancinta da sifili iya kyaunta: wajen -80 ƙarfi ne sosai, -100 ana aiki da shi, daga -110 zuwa ƙasa kira ya fara yankewa, -120 kuwa bakin rami ne. Ka rubuta ta layukan biyu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Dalilin da kamfanoni biyu ke bambanta a gida ɗaya, ban da nisan ƙarfen sabis, shi ne zangon mitar rediyo da kowanne ke watsawa a kai. Ƙananan zanguna, 600 zuwa 900 MHz, suna tafiya nesa suna ratsa bango, sai dai ba su ɗaukar kaya da yawa. Na tsakiya, kamar 2.5 da 3.5 GHz inda mafi yawan 5G mai sauri yake, suna da gudu amma bango yana rage su. Na can sama, 28 GHz da makamantansu, ko gilashin taga da ganyen bishiya suna tare su. Don haka kamfani na iya cin gasar gudu a bakin titi ya sha kaye a cikin ɗaki.

Sannan akwai cunkoso, wanda lambar dBm ba ta nunawa. Za ka ga sigina cike amma hoto ya ƙi buɗewa, saboda mutane sun yi wa ƙarfen yawa. Shi ya sa gwajin ƙarfe goma na safe ba ya wadatarwa. Ka gwada da yamma zuwa dare lokacin da kowa ya dawo gida, ka yi kiran bidiyo, ka tura babban fayil, domin gudun turawa ne ke fara faɗuwa. Wata dabara: ka auna gudun intanet da manhajar Speedtest, sannan ka auna da shafin fast.com a take. Na biyun yana jawowa ne daga na'urorin Netflix, don haka in na farko ya nuna gudu mai yawa na biyu ya tsaya a ɗan ƙaramin adadi bai motsa ba, alama ce cewa tsarin yana taƙaita bidiyo. Tsare-tsare da yawa da ake kira marasa iyaka suna da irin wannan: bidiyo a 480p ko 720p, iyaka a kan datar da kake rabawa kwamfuta, da mai da kai baya, a ba wasu fifiko, in ka wuce wani adadi a lokacin cunkoso.

Ita kanta wayar

Wayar da kamfanin layi ya bayar a kan bashi, a ƙasashe da yawa tana zuwa a kulle, ba ta karɓar sim ɗin wani har sai an gama biya ko wani wa'adi ya cika. Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disambar 2017, Birtaniya tun Disambar 2021, amma a Amurka da wasu wurare har yanzu ana yi. Ga mai tafiye-tafiye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka sauka wata ƙasa, sim mai araha yana gabanka, wayarka ta ƙi shi, sai dai ka biya kuɗin yawo da layi na kamfaninka. Kullen yana hawa kan eSIM ma. A iPhone ana ganin matsayin a saiti, General, About, wurin da aka rubuta Carrier Lock. In ya ce No SIM restrictions, a buɗe take. Ka kuma sani cewa iPhone ɗin da ake sayarwa a Amurka tun daga iPhone 14 a 2022 ba su da ramin sim sam, sai eSIM, kuma ba kowane kamfani a kowace ƙasa ke bayar da shi cikin sauƙi ba.

Layuka biyun da za su biyo ka da tsoffin wayoyinsu su ma a duba su. Danna *#06# a kowace, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito, ka saka ta a shafin sabon kamfanin ya gaya maka ko suna karɓarta. Abin da ke faruwa shi ne waya, musamman wadda aka ƙera don kasuwar wata nahiya, ta kama data amma ta rasa ƙaramin zangon da kamfanin ke dogaro da shi a cikin gini, ko kuma kamfanin bai amince mata da VoLTE ba, wato kira ta kan 4G. Inda aka kashe 3G da 2G, wayar da ba ta da wannan ba ta kira ko kaɗan. In hakan ta faru, sauyin da aka fara don waya ɗaya ya koma sayen uku.

Hanyoyin da ba sai ka tashi ba

Ka ce batir ne ke damunka. In shi kaɗai ne, sauya batir a wurin gyara na ƙwarai yana cin ɗan kaso ne na kuɗin sabuwar waya. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na baya an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000, don haka batirin da ya yi shekara uku yana gajiya ko wayar lafiyarta ƙalau. Abin da ke wajabta sabuwar waya da gaske shi ne a daina aiko mata da sabuntawar tsaro, musamman in kana harkar banki a kanta. In ka zo saye, duba wannan wa'adi: Google ya yi alƙawarin shekara bakwai tun daga Pixel 8 a 2023, Samsung ma haka a manyan wayoyinsa tun daga Galaxy S24 a 2024.

Sai kuma ka kira kamfaninka na yanzu, ka faɗa musu kai tsaye abin da aka yi maka tayi da shi, ka ce kana tunanin ɗauke layi uku. Akwai sashen da aikinsa riƙe masu shirin tafiya, kuma suna da rangwamen da ba a tallatawa. Amma tayinsu ma ka sa shi a shafin lissafi, don sau da yawa shi ma bashin wata 36 ne da sauyin tsari. In kana kan wani tsohon tsari mai araha da aka daina sayarwa, ka riƙe shi da kyau, wanda ya bar shi ba a mai da shi.

Hanyar da na fi ba masu iyali shawara a kai ita ce sayen waya a buɗe, ko da samfurin bara ne, daga masu ƙera ta, wasunsu ma suna raba biya ba tare da ɗaure ka da layi ba. Daga nan kana da 'yancin komawa ƙananan kamfanonin da ke hayar ƙarafan manya suna sayarwa da araha. Sabis ɗin na babban kamfanin ne, sai dai a wasu tsare-tsaren ana mai da su baya lokacin cunkoso.

In ka yanke shawarar tashi

Abu na farko, kada ka rufe tsohon layin da kanka. Lambar da aka rufe ba ta ƙaura, kuma za ka iya rasa ta. Sabon kamfanin ne ke janyo ta, tsohon layin ya mutu da kansa. A Amurka za a nemi lambar asusunka da lambar sirri ta ƙaura da tsohon kamfanin ke bayarwa, kuma suna da adireshi dole su zo daidai da yadda suke a tsohon asusun, harafi ɗaya in ya saɓa sai a ƙi. A Birtaniya ana tura kalmar PAC ta saƙon tes zuwa 65075, lambar ƙaurar da aka ba ka tana aiki kwana 30, sauyin kuma yana kammala cikin ranar aiki ɗaya. A Indiya ana tura kalmar PORT da lambar wayarka zuwa 1900, kuma sai an yi kwana 90 kafin a sake wata ƙaurar. In ka taɓa sa makullin hana ɗauke lamba a asusun, cire shi tukuna.

Biya duk sauran bashin waya da ke tsohon asusun, ka sa su buɗe wayoyi biyun da za su biyo ka tun kana abokin cinikinsu, domin bayan ka tafi neman buɗewa wahala ce. Ka daidaita ƙaurar da ƙarshen watan biyanka, wasu kamfanonin ba sa mai da kuɗin kwanakin da suka rage. Ka zaɓi farkon mako, ranar da ba ka jiran wani kuɗi: saƙonnin lambar tabbatarwa na banki sukan yi jinkiri na wasu awoyi, wani lokacin kwana ɗaya ko biyu, bayan kira da data sun riga sun dawo. WhatsApp ba ya taɓuwa tunda lambar ba ta canja ba, sai dai ka ajiye kwafin hirarrakinka kafin ka koma sabuwar wayar. In daga iPhone za ka koma Android, kashe iMessage, tsarin saƙon Apple, kafin ka cire sim, in ba haka ba saƙonnin masu iPhone za su riƙa ɓacewa a hanya.

Tsohuwar wayar da za ka miƙa: kwashe komai, ka fita daga asusun Apple ko Google ɗinka, ka kashe Find My, wato tsarin gano waya in ta ɓace, sannan ka goge ta. In ka goge ba ka fita ba, tana isa wurinsu a kulle su ce ba ta da daraja. Ɗauki hotonta gaba da baya tana kunne, da lambar IMEI a allo, kuma in da hali ka miƙa ta hannu da hannu a ba ka rasit mai ɗauke da darajar da aka yi mata. Ta hanyar aike ne ake yawan samun rigimar cewa an ga tsaga a allo an rage kuɗin.

Ƙa'idodin nan suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kamfanoni kuma suna sauya sharuɗɗan garaɓasa kusan kowane wata, don haka abin da ke rubuce a takardar da za ka sa wa hannu shi ne hukunci a kan duk abin da na faɗa. Ka duba wa'adin mai da waya a cikinta. A Tarayyar Turai da Birtaniya abin da aka saya ta intanet ko ta waya yana da kwana 14, a wasu wuraren kamfani ne ke yanke nasa, da kuɗin da ake cirewa in an buɗe kwali. In sun yarda, riƙe tsohuwar wayar har kusan ƙarshen wa'adin miƙa ta, ka fara ƙaura da layinka kaɗai, sauran biyun su biyo bayan ka ga takardar biya ta farko.